Akwatin Mma Hamsatu Ya Cika

Ranar da aka kawo yayin auren Ruhaina, Mma Hamsatu ko hannu ba ta miƙa ba. Yayi shi ne zanen da matan Zango, unguwannin Hausawan Ankara, ke ɗinkawa iri ɗaya in za a yi biki, kuma a unguwar Maamobi ƙin karɓarsa ya fi zagin uwa zafi. Hajiya Sadia, magajiyar matan unguwa, ta ɗora mata nata a cinya, shuɗi mai ratsin ruwan zinariya. Tsohuwa ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar wadda ta tsinci mushen ɓera, ta ajiye a kan turmi.

"Mma, lafiya?" in ji Hajiya Sadia.

"Lafiyar ce babu, kin kuwa fi ni sani."

"Ei, Mma, a hankali mana. Gidan haya ne, ba mu kaɗai ba ne."

"Shi ya sa na ɗaga murya. Ku kuna auna yadin biki, ni kuwa ina auna wani yadin a zuci, fari, wanda tela ba ya tambayar wane ɗinki ake so."

Abdul-Fatawu ya miƙe daga kan benci. Ɗan ƙanwar Mma Hamsatu ne, ita ta raine shi, amma ya daɗe a Jamus, ya dawo da ƙaton agogo da wayoyi biyu, yaran unguwa na kiransa boga, wato wanda ya dawo daga ci-rani a Turai. Ya zo ne don bikin ɗiyar yayarsa.

"Wallahi Mma, kin saba da gawa har kin manta yadda ake magana da masu rai."

"Gawa ta fi ka hankali, Fatawu. In na juya ta dama, dama take kwanciya, ba ta ce mini a Jamus ba haka ake yi ba."

Wadda ake rigimar a kanta kuwa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, tana tsince wake a faranti. Muniratu ke nan, uwar amarya, yayar Fatawu. Likita ta ce tana da sankarar bakin mahaifa, kuma sai an yi mata aiki. Yadda za a yi aikin ne ya raba gidan biyu.

Amma sai an san wace ce Mma Hamsatu kafin a gane abin da ya sa ta wulaƙanta yayi.

A unguwar Nima aka haife ta, uban ɗan fataucin goro ne, uwar mai tuyar ƙosai. Ba ta taka ƙofar boko ba, allon ma iyakar abin da za ta yi salla da shi ta ɗauka, sai aka ɗora mata tire. Ta sayar da koko da ƙosai a bakin lungu ɗaya har mutanen da ta zuba wa suna yara suka dawo suna saya wa jikokinsu. Ta yi aure sau biyu, haihuwa ta zo mata ta koma, ta zo ta koma, sai ta ce wa Allah ta gode, ta naɗe tabarmar wannan maganar. Tana jin Twi da Ga kamar kowane ɗan Nima, kuma a duk yaren da ka taɓo ta, a cikinsa za ta wanke ka tas.

Sana'ar da aka fi saninta da ita ba koko ba ce. Wankan gawar mata take yi. A wurin gwaggonta ta koya, kuma abin da gwaggo ta fara koya mata ba yadda ake haɗa ruwa da magarya ba ne. Cewa ta yi, "Abin da idonki ya gani a jikin mamaciya, tare da ita za a binne shi." Hamsatu ta riƙe wannan amana da haƙori. Bakin nan nata da ba ya raga wa liman, ba ya raga wa ɗan kamashon trotro, motar hayar gari, bai taɓa fitar da ko ƙwayar zarra daga ɗakin wanka ba.

Akwai kuma al'adar da ta taras: in an gama, dangin mamaciya kan ba mai wanka zane ɗaya daga kayan marigayiya, sadaka. Wasu masu wankan su ɗinka, wasu su kai kasuwar Makola su sayar. Ita ba ta taɓa ɗaura ko ɗaya ba. Ninkewa take yi, ta sa a wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta, ta watsa kafur.

A cikin akwatin nan har da zanen ƙanwarta Abiba, mahaifiyar Muniratu da Fatawu. Lokacin da Abiba ta fara ramewa, dangin miji suka ce ta yi tafiya Kumasi gaishe da 'yan'uwa. A Zango in ka ji an ce mace ta yi tafiya Kumasi, ba jaka, ba sallama, to, ka yi mata addu'a. Abiba tana wani ɗakin baya a unguwar Kawukudi ana ɗura mata saiwoyi. Da ta rasu aka ce zazzaɓi ne. Hamsatu ce ta wanke ta, ta karɓi zane, ta ɗauki marayun biyu ta kai ɗakinta.

Muniratu ta tashi mace mai zafin nema. Ta kafa teburin waakye, shinkafa da waken nan na mutanen Ankara, a mahaɗar Kawukudi, direbobi na layi a kansa tun da sassafe. Mijinta ya rasu ya bar ta da Ruhaina. Ba ta sake aure ba, ta ce tukunya ta ishe ta miji.

Salla ce ta tona mata asiri. Tsohuwa ta lura buta na yawan kwana a bushe a ƙofar Muniratu, fashin salla ba a kan ƙa'ida ba, ya ɗauke yau, jibi ya dawo. Ta tsare ta a bakin murhu.

"Muni, jinin nan na wata ne ko na wani abu?"

"Mma, girma ne. Kowa haka yake yi in zai ɗauke."

"Ni ma na girma, ban ga haka ba. Ɗauko mayafi."

"Tukunya fa?"

"Tukunya ba ta mutuwa."

Haka ta tasa ta gaba zuwa babban asibiti, aka yi ta gwaje-gwaje, je ka dawo, je ka dawo, har ranar da wata likita, yarinya ce ma, mai ɗan tabarau, ta zaunar da su. Da Twi ta yi musu bayani, ta zana hoto a takarda. Ta ce an yi sa'a an kama ciwon da wuri, bai bar bakin mahaifa ba. Za a cire mahaifar da abin da ke kewaye da ita. Ta ce hanya biyu ce. Akwai aikin huji: a huda ciki ƙanana, a zura na'ura mai ido, a yi aikin ana kallo a allo, mutum ya tashi da wuri, tabon kamar na cizon sauro. Akwai kuma aikin buɗewa: a tsaga ciki, a daɗe a kwance, a yi makonni ba ɗaukar kaya, tabo kuwa har abada.

Muniratu ta yi wuf ta ce, "Na hujin."

Likita ta girgiza kai. Ta ce a wasu cututtukan aikin huji ya fi, ita ma tana yinsa. Amma a wannan ciwon an bi sawun mata da yawa a ƙasashe daban-daban, aka ga waɗanda aka yi wa huji ciwon ya fi dawo musu, mutuwa ma ta fi yawa a cikinsu. Don haka ita buɗewa take ba da shawara.

Mma Hamsatu ta tura takardar gefe. "Ɗiyata, ni ban san zane ba sai na ɗaurawa. Tambaya ɗaya ce. Wanne ya fi barinta a duniya?"

"Na buɗewa, Maame. Rai na Allah ne, amma abin da muka gani ke nan."

"Abin kunya ne ya kawo shi? Faɗa da ƙarfi ta ji."

Likita ta ce ƙwayar da ke jawo shi yawancin manya sun taɓa ɗauka ba su sani ba, matar miji ɗaya ma tana kamuwa. Ta ƙara da cewa su kawo mutanen da za su ba da jini kafin ranar aiki.

To, a nan gizo ke saƙar. An riga an sa ranar auren Ruhaina da Tawfiq, ɗan Alhaji Ishawu mai shagon kayan mota. In aka tsaga Muniratu, ba yadda za a ɓoye. Teburi zai rufe, za a nemi jini, duk Maamobi za ta ji. Kuma Muniratu ta san bakin mutanenta: mace ba miji, ga ciwon ƙasan cibiya, kafin la'asar an yi mata tarihin da ita ma ba ta sani ba, a kuma ce abin gado ne, ɗiyar ma tana ɗauke da shi. Sai Fatawu ya zo da dabara. Ya samo a waya wani asibitin kuɗi a ƙetare inda za su yi hujin ba gardama. Shi zai ɗauki nauyi. Za ta je ta dawo kafin a fara lalle, a ce ta yi tafiya Kumasi sayayyar kayan ɗaki. Hajiya Sadia ma ta sa hannu, ta ce rufin asiri ya fi komai.

Kalmar Kumasi ɗin nan ce ta sa tsohuwa ta ɗora yayi a kan turmi.

Washegari da hantsi, bayan koko ya ƙare, ta kira Muniratu ɗaki, ta ce ta jawo mata akwatin nan. Da ƙyar ya fito. Da aka ɗaga murfin, ƙanshin kafur ya cika ɗakin. Zannuwa ne a jere, an danna su har baki, mafi yawansu yayin bukukuwa ne da Muniratu ta sani, wasu ma ta ɗaura irinsu ta yi rawa.

"Ba zan ce miki wance ba, ba zan ce miki me na gani ba," in ji tsohuwa. "Bakina a ɗinke yake har kabari. Amma abin da duk gari ya ji da kunnensa ba amana ba ne. Da yawa a cikin nan, an ce sun yi tafiya Kumasi."

Muniratu ta sa hannu tana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Can ƙasa ta taɓo wani kore mai hoton ganyen koko, ya koɗe a wurin ninki. Hannunta ya tsaya. Da wannan zanen uwarta ke goya Fatawu.

"Mma, ita ma shi ne?"

"Na ce miki bakina a ɗinke yake."

Muniratu ta zauna a ƙasa, ta rungume zanen. Can ta ce, "Amma ni ai ba saiwa zan sha ba. Asibiti ne shi ma. Aiki ne shi ma."

"Na sani. Ni ba likita ba ce, ban san huji ba, ban san tsaga ba. Wadda ta sani ta ce a buɗe. Ke faɗa mini tsakaninki da Allah, hujin nan don ya fi warkarwa kika zaɓe shi, ko don kada 'yan ƙungiyar Sadia su ji?"

Muniratu ta ƙara ƙanƙame zanen.

"To. Uwarki ma ba don saiwa ta fi ba aka kai ta ɗakin baya."

"In suka fasa auren fa? Ruhaina ba za ta yafe mini ba."

"Ta yi fushi da ke kina raye. Ni na raini marayu biyu, na san abin da suke kuka a kai, ba yayi ba ne. Duba akwatin nan da kyau, Muni. Kin ga wurin da zane ɗaya zai shiga? Ya cika. Ba ni da wurin naki."

Muniratu ta ninke koren zanen, ta mayar, ta rufe akwatin da kanta. Da ta fito tsakar gida ta taras da Fatawu yana danna waya, ta ce masa ya bar maganar jirgi, a nan za a yi, kuma buɗewa za a yi. Ya yi tsalle, ya yi rantsuwa, ya yi Jamusanci. Ita kuwa ta wuce ta ɗora ruwan wake.

Sauran aikin tsohuwa ta ɗaukar wa kanta. Ta yafa mayafi da rana tsaka, ta bi babban titi, ba lungu ba, har gidan Alhaji Ishawu. Ta ce a kira mata shi da uwar ango.

"Na zo ne ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin masu ƙari. Surukarku tana da sankara, an kama da wuri, za a tsaga ta a cire. Ba abin kunya ba ne, ba kuma a ɗauka a miya. Ba za ta iya zaman biki a ranar da kuka sa ba. In za ku jira, ku jira. In ba za ku jira ba, ku faɗa yanzu, ɗiyarmu ba tumatir ba ce da za ta ruɓe."

Alhaji ya yi ta jan carbi, ya ce Allah ya ba da lafiya. Uwar ango ta kalli ƙasa ta ce za su yi shawara. Tsohuwa ta sha ruwan da aka kawo mata, ta tashi.

Daga nan ta zarce inda samarin unguwa ke zama suna dafa shayin ataya a gindin bango. Ta tsaya a kansu.

"Ku da kuke zubar da jininku a banza ranar zaɓe da ranar ƙwallo, ga inda ake bukatarsa. Wanda ya taɓa cin waakyen Muniratu ta ƙara masa talia kyauta, ya same ni gobe a asibiti."

Kada a ce abin bai yi tsada ba. Kafin magariba labari ya kai Nima ya dawo da ƙafafu. Mata uku ko huɗu suka mayar wa Hajiya Sadia da yayinsu. Wasu direbobi suka koma teburin wata. Daga gidan Alhaji Ishawu kuwa shiru kake ji. Ruhaina ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta daina gaishe da kakarta, in sun haɗu a bakin famfo sai ta juya baya. Tsohuwa ta ce, "Juya, bayan ma kyakkyawa ne."

Amma washegari trotro guda ya cika da samari. A cikinsu har da Tawfiq, ango, wanda bai jira shawarar uwarsa ba. Ya durƙusa ya gaishe da Mma Hamsatu, ya naɗe hannun riga. Fatawu da ya ga haka ya ture kowa ya ce jinin ɗan'uwa ne zai fara shiga. Nas na soka masa allura, boga ya sulale daga kan kujera, agogo da waya kowa ya kama gabansa. Da ya farfaɗo ya ga tsohuwa a kansa tana masa fifita da bakin mayafi.

"Sannu, Jamus. Huji ɗaya ke nan fa."

Aka yi aikin. An daɗe ana yi, tsohuwa na zaune a benci ba ta ko kurɓi ruwa ba, Ruhaina a can ƙarshen bencin, sai ga ta a tsakiya, sai ga kanta a kafaɗar kakarta. Muniratu ta tashi da ɗinki daga cibiya zuwa ƙasa, tari ma sai ta danne ciki da matashi. Ta yi jinya mai tsawo, ta zagi likita, ta zagi tsohuwa, ta ce da ta sani. Tsohuwa ta ce zagi alamar rai ne, ta ci gaba. Daga baya likita ta ce an duba abin da aka cire, gefensa duk tsaf, ba alamar ciwon ya bazu, sai dai za ta riƙa zuwa ana duba ta shekara da shekaru, kada ta kuskura ta yi fashi. Mma Hamsatu ta ce wannan nata ne, ko da a bayanta ne za ta goyo ta.

Bayan Babbar Salla Alhaji Ishawu ya aiko da goro aka sake sa rana. Uwar ango ba ta taɓa cewa komai a kan maganar ba, har yau ma gaisuwarsu da Muniratu ba ta wuce ta fatar baki ba. Biki dai aka yi. Aka toshe lungu da rumfuna, masu kiɗa suka zo, mata suka fito shuɗi fes kamar an zubo su daga buhu ɗaya. Mma Hamsatu ma ta ɗinka nata, ta zauna kusa da Muniratu, wadda ba ta yi rawa ba amma ta ci, ta sha, ta yi guɗa tana riƙe da ciki.

Ana cikin haka wasu mata a bayansu suka haɗa kai, har da waɗanda suka mayar da yayi suka sake karɓa. Ɗaya ta ce, a muryar da aka yi don a ji, "Allah sarki, an ce tsaga ta aka yi kamar buhun gawayi. Mace da wannan tabo, ai an gama da ita." Hajiya Sadia ta yi saurin cewa a bar zancen, ranar farin ciki ce.

Tsohuwa ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskance su. Mai ganga ma ya sassauta hannu.

"A'a, Sadia, bar su, ai gaskiya suka faɗa. An tsaga ta, tabon ya kai tsawon ludayi, ni na gani. Kuma kullum da safe ita take wanke abinta da hannunta, ta ɗaura zanenta, ta fita neman abincinta. Wadda jikinta ke mata abin da ba ta gane ba, ta san ƙofata, trotro ba ya ƙarewa, zan raka ta. Wadda kuma ta fi son fata sumul da tafiya Kumasi, ita ma ta san ƙofata. Na wanke fata sumul ba adadi, ba wadda ta tashi ta ce mini na gode. Sai dai ku gaya wa danginku su riƙe zanenku, akwatina ya cika."